Jagorar Daidaita Halin Ɗalibi da Wurin Aikin da Zai Karɓe Shi

Duk shekara, da zarar an buɗe rajistar jarrabawar JAMB, ɗan ofishina da ke wata makarantar sakandare a nan Jos yakan cika maƙil da ɗalibai, kuma kusan dukkansu da tambaya ɗaya suke shigowa: "Malam, wane kwas ne ake samun aiki da shi?" Tambayar tana kan hanya, domin babu mai son ya kwashe shekara huɗu ko biyar a jami'a sannan ya dawo ya zauna a gida. Sai dai akwai wata tambayar da ya kamata a fara yi kafin ita, wato a wane irin wuri ne wannan yaron zai iya wuni yana aiki, yau da gobe, har tsawon shekara talatin, ba tare da ya ji kamar an ɗaure shi ba. Na rubuta wannan jagora ne domin malaman da aka ɗora wa nauyin ba da shawara a makarantu, da kuma iyaye da yayyen da yara ke kawo wa irin wannan magana a gida.

Sana'ar ba da shawarar aiki tana da tarihinta. A shekarar 1908 wani Ba'amurke mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishin shawarar sana'a a birnin Boston, ya kuma gina aikinsa a kan abu uku: mutum ya san kansa, ya san ayyukan da ke akwai da sharuɗansu, sannan ya auna biyun da hankali. A 1959 masanin halayyar ɗan Adam John Holland, shi ma Ba'amurke, ya fito da ra'ayin da zan fi dogara da shi a nan, cewa mutane sun kasu gida shida ta fuskar abin da ransu ke so, wuraren aiki ma haka, kuma mutum yakan fi natsuwa ya daɗe a wurin da ya yi kama da halinsa. A wannan shekarar ce kuma wasu malamai mata 'yan cocin Katolika a kwalejin St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban don su yi wa ɗaliban ajin ƙarshe bayanin ayyukansu, kuma daga nan ake ƙirga farkon wannan aiki a makarantun Najeriya. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta shigar da shi cikin tsarin makarantu a hukumance.

Mataki na farko: a saurara kafin a ɗauko takarda

Kuskuren da sabon mai ba da shawara ya fi yi shi ne miƙa wa ɗalibi takardar tambayoyi tun a zaman farko. Yaranmu sun taso da kunya da girmama na gaba, saboda haka idan malami ya ba yaro takarda, yaron zai ɗauka jarrabawa ce, ya cike ta da amsar da yake ganin za ta faranta wa malamin rai. Da yawa ma za su sunkuyar da kai su ce, "Duk wanda kuka zaɓa mini, Malam." Zaman farko na hira ne kawai, kamar minti talatin, kuma ba a ambaton sunan kowane kwas a cikinsa.

Abin da ake nema a wannan hira shi ne abin da yaron ke yi idan babu wanda ya sa shi. Ka tambaye shi yadda ya yi Asabar ɗin da ta wuce tun daga asuba har dare. Ka tambaye shi wane aiki ne a gida ake cewa "a kira wane", domin kowane gida ya san wanda ke gyara fitila idan ta mutu, da wanda ake bar wa shago idan maigida zai tafi masallaci, da wanda ke raba faɗa tsakanin ƙanne. Idan yarinya ce, kada a raina abin da take yi a cikin gida: wata ita ke riƙe lissafin adashin mahaifiyarta ba tare da kuskuren ko naira ɗaya ba, wata tana zana lalle da salon da babu wanda ya koya mata, wata kuma ita ke biya wa yara karatu a Islamiyya kafin malami ya iso. Sannan a tambayi abin da ke gundurar yaron da sauri, domin abin da mutum ya tsana yakan fito fili fiye da abin da yake so. Duk abin da ya faɗa a rubuta shi da kalmominsa, kada a gyara masa.

Mataki na biyu: sanin gidajen hali shida

Gida na farko shi ne na masu aikin hannu, waɗanda suka fi son inji, kayan aiki, ƙasa da dabbobi, kuma suka fi jin daɗi idan sun ga sakamakon aikinsu da ido. Irin su ne za ka tarar a garejin makanikai na Dilimi, da wajen masu yankan katako a kasuwar Katako, da gonakin dankalin turawa na Bokkos da Mangu, haka kuma a cikin injiniyoyi da safiyo. Doguwar magana tana gajiyar da su.

Na biyu masu bin diddigi ne. Yaron da ba ya barin tambaya sai ya ji dalili, wanda zai iya zama shi kaɗai awa biyu a kan lissafi ɗaya, nan gidansa yake. Wurarensu su ne ɗakin gwaje-gwaje, ɗakin karatu da cibiyoyin bincike irin cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda ke aiki tun 1924.

Na uku masu ƙirƙira ne: zane, rubutu, ɗinki na salo, ɗaukar hoto, tsara gini. Suna buƙatar sarari su yi abu yadda suka ga dama, kuma tsari mai tsauri yana shaƙe su. Jos tana da rabo babba a wannan fanni, tunda a nan hukumar fina-finai ta ƙasa take da hedikwatarta da makarantarta, ga kuma kwalejin talabijin ta NTA.

Na huɗu masu kula da jama'a ne, waɗanda ke samun gamsuwa idan sun koyar, sun yi jinya ko sun sasanta mutane. Na biyar masu jan ragama ne, masu son ciniki, shawo kan mutane, shugabanci da ɗaukar kasada. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Farin Gada da sassafe ya ga yadda dillali ke cinikin motar tumatir ko kabeji cikin 'yan mintoci, ya ga wannan hali a fili. Na shida masu tsari ne, masu son lissafi, adana bayanai da ƙa'ida bayyananniya, irin waɗanda ake buƙata a banki, ofishin baitulmali, rajistar kotu da ma'ajiyar kaya.

Babu gidan da ya fi wani daraja, kuma wannan magana dole mai ba da shawara ya yarda da ita a zuciyarsa kafin ya faɗa wa yaro. Idan malamin da kansa yana ganin aikin hannu na waɗanda boko ya gagara ne, yaron zai ji hakan a muryarsa ko bai furta ba.

Mataki na uku: gano gidaje ukun da suka fi ƙarfi

Ba a samun mutumin da ke gida ɗaya kacal. Holland ya ce a duba gidaje uku da suka fi rinjaye a jikin mutum, a jera su daga mafi ƙarfi. Ya kuma jera gidajen shida a da'ira mai kusurwa shida bisa tsarin da na kawo su a sama, ta yadda maƙwabta suka fi kama da juna, waɗanda ke fuskantar juna kuma suka fi nisa: aikin hannu yana fuskantar kula da jama'a, bin diddigi yana fuskantar jan ragama, ƙirƙira tana fuskantar tsari. Amfanin wannan a aikace shi ne, yaron da gidajensa biyu na farko maƙwabta ne, misali aikin hannu da bin diddigi, yana da sauƙin samar wa hanya. Wanda kuwa nasa ke fuskantar juna, kamar ƙirƙira da tsari, yana buƙatar ƙarin zama da tunani, ko da yake akwai ayyukan da ke haɗa biyun, irin su tsara shafukan littafi ko zanen taswirar gini.

Hanyar da na fi amincewa da ita mai sauƙi ce. A yanka kwali gida talatin, a rubuta aiki ɗaya a kan kowanne, biyar daga kowane gida, da Hausa ko Turanci mai sauƙi, kuma a rubuta ainihin abin da ake yi maimakon sunan sana'a: "kwance janareta a gano abin da ya lalace", "lallashin mara lafiya ya sha magani", "daidaita lissafin kuɗin da aka kashe a wata", "shawo kan mai saye ya ƙara farashi". Sai yaron ya raba su kashi uku, waɗanda yake so, waɗanda ba ya so, da waɗanda bai damu da su ba, yana faɗin dalili. Dalilin ya fi ƙidayar amfani. Wata yarinya ta taɓa ajiye katin jinya cikin waɗanda take so, da na tambaye ta dalili sai ta ce tana son sanin yadda magani ke aiki a cikin jiki. Wannan amsar mai bin diddigi ce, kuma da na tsaya a ƙidaya kawai da na tura ta gidan da ba nata ba.

Game da gwaje-gwajen hali da ake samu a intanet, ina ba da shawarar a yi hattara. Yawancinsu an tsara su ne don mutanen wata ƙasa, suna tambaya kan abubuwan da yaron Gangare ko Unguwar Rogo bai taɓa gani ba. Shahararren gwajin nan na Myers-Briggs, mai raba mutane gida goma sha shida, masana da dama sun soke shi saboda mutum ɗaya kan iya samun sakamako daban idan ya sake yi bayan 'yan makonni. Ana iya amfani da irinsu don buɗe hira, amma ba a yanke wa yaro makoma da su. Mukan ce hali zanen dutse, sai dai sha'awar ɗan shekara goma sha biyar ba ta gama zama ba tukuna, kuma idan duk katunan yaro suka fito kusan daidai, yawanci abin da hakan ke nufi shi ne bai ga ayyuka da yawa ba.

Mataki na huɗu: binciken wurin aikin kansa

A nan ne aikin yake, kuma a nan aka fi yin sakaci. Sunan sana'a ba ya gaya maka yadda ranar aiki take. Ɗauki likitanci: likitan tiyata yana wuni a tsaye yana aiki da hannunsa, likitan gwajin cututtuka yana wuni da na'urar hangen ƙwayoyin cuta ba tare da ya ga marasa lafiya da yawa ba, likitan ƙwaƙwalwa kuma aikinsa sauraro ne. Duk sunansu likita, amma gidajensu uku ne daban. Haka noma: mai noman dankali a gona, da mai sayen buhuna ya yi lodinsu zuwa Legas ko Fatakwal, da mai binciken cutar da ke kashe shuka, kowannensu da irin halin da aikinsa ke nema. Lauyan da ke tsayawa gaban alƙali mai jan ragama ne, wanda ke zaune yana tsara yarjejeniyar kamfani kuwa mai tsari ne. Saboda haka idan yaro ya ce yana son ya zama kaza, tambayar da ke biye ita ce, wane ɓangare, a wane irin wuri.

Game da kowane wurin aiki akwai abubuwan da ya kamata a gano. Da me ake wuni, da mutane, da takardu, da injina ko da tunani? Mutum nawa ke shigowa a rana, kuma cikin wane hali suke shigowa, da fushi, da ciwo ko da kuɗi a hannu? Wa ke yanke shawara, ma'aikacin ko na sama da shi? Albashi ne tsayayye a ƙarshen wata, ko kuwa samu ne na yau da akwai gobe babu? Akwai aikin dare ko yawan tafiye-tafiye? Wane irin kuskure ne ba a yafewa a wurin? Wannan ta ƙarshe tana tona asirin wuri ƙwarai, domin a banki kuskuren lamba ɗaya ne ke jawo tuhuma, a aji kuwa rashin haƙuri da yara ne, a kasuwa kuma jinkirin yanke shawara.

Ba a samun waɗannan amsoshi daga cikin ofis. Gani ya kori ji, don haka a nema wa yaron izinin iyayensa ya je ya wuni ɗaya ko biyu tare da mai yin aikin, ko lokacin hutu ne. A ba shi ƙaramin littafi ya rubuta abin da ya gani awa bayan awa, sannan ya yi wa mai aikin tambaya biyu: wane ɓangare na aikin ne ya fi gundurarsa, kuma wane irin mutum ne ya ga ya kasa jurewa ya bari. Tsofaffin ɗaliban makaranta su ne hanya mafi sauƙi ta samun irin wannan dama, shi ya sa yake da kyau kowane mai ba da shawara ya riƙe rajistar inda suke aiki. Ga waɗanda suka riga suka shiga jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, shirin koyon aiki na SIWES, wanda hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF mai hedikwata a nan Jos ta ƙirƙiro, dama ce ta gwada wuri na tsawon watanni, kuma abin takaici ne yadda ɗalibai da yawa ke neman inda za a sa musu hannu a littafi kawai ba tare da sun taka wurin ba.

Mataki na biyar: auna sha'awa da iyawa da hali na aljihu

Dacewar hali da wuri tana taimakawa wajen gamsuwa, amma binciken masana ya nuna tasirinta matsakaici ne, ba ita kaɗai ke sa mutum ya yi nasara ba. Riƙon aiki da cika alkawari suna amfani a kowane gida. Don haka a ɗauko sakamakon yaron na zango uku ko fiye a duba da gaskiya. Likitanci a JAMB yana neman Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, injiniyanci kuma Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, sannan yawancin kwasa-kwasai suna buƙatar kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi. Wannan ne dalilin da ya sa lokacin da ya fi dacewa a fara wannan aiki shi ne aji uku na ƙaramar sakandare, kafin a raba yara zuwa ajin kimiyya, na adabi da na kasuwanci. Wanda aka zo da shi a ajin ƙarshe an riga an rufe masa wasu ƙofofi. A kuma yi maganar kuɗin makaranta, da nisan gari, da lafiyar jiki a fili, ba tare da an kunyata kowa ba.

Mataki na shida: zama da iyaye

A wajenmu yaro ba ya zaɓar sana'a shi kaɗai, kuma mai ba da shawarar da ya tsallake iyaye ya jefa yaron cikin rigima ne kawai. Wani magidanci ya taɓa zuwa ofishina da ɗansa, ya zauna ya ajiye hularsa a gwiwa, ya ce, "Malam, ni likita nake so ya zama, ko nawa ne zan biya." Yaron yana tsaye a bakin ƙofa, idonsa a ƙasa, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma saboda gyaran waya da yake yi a shagon wani maƙwabcinsu bayan an tashi makaranta. Katunansa sun nuna aikin hannu da bin diddigi, kuma katin jinya na cikin na farko da ya ture gefe.

Ban ce wa mahaifin ya yi kuskure ba. Na tambaye shi, "Alhaji, me kake fatan likitancin ya kawo masa?" Ya ce mutunci, da abin hannu, da kuma ya amfani jama'a. Sai na nuna masa abin da yaron ya rubuta da hannunsa, na kuma yi masa bayanin cewa na'urorin asibiti, tun daga na ɗaukar hoton ƙashi har zuwa na wankin ƙoda, injiniyoyi ne ke girka su suna gyara su, kuma idan na'ura ta tsaya aikin likita ma yakan tsaya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya juya ya ce, "Kai, haka ne abin da Malam ya faɗa?" Yaron ya ce, "Haka ne, Baba." Ba a gama magana a ranar ba, sai da muka sake zama sau biyu, har da mahaifiyar yaron, kafin aka amince ya nemi injiniyancin lantarki. Dabarar ita ce a nemo buƙatar da ke ƙarƙashin sunan sana'ar da uba ya ambata, domin sau da yawa ana iya biyan ta ta wata hanyar. Idan maganar 'ya mace ce, damuwar iyaye kan aikin dare, nisa da zaman aure gaskiya ce, kuma a amsa ta da bayanin wuraren aiki na zahiri: ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa tana kwana a bakin aiki, amma wadda ke koyarwa a makarantar jinya ko ke aiki a ƙaramin asibitin unguwa jadawalinta daban ne.

Mataki na bakwai: rubuta zaɓi uku da ranar dawowa

Kada yaro ya fita da zaɓi ɗaya. A rubuta uku, dukkansu daga gidajen halinsa: wanda ya fi so, wanda ke kusa da shi idan maki bai kai ba, da kuma wanda ba ya buƙatar jami'a, kamar kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke Barkin Ladi, ko kwalejin gandun daji ta tarayya da ke Jos, ko koyon sana'a a hannun ƙwararren maigida. A ƙarƙashin kowanne a rubuta darussan da ake nema, da kimanin kuɗin da za a kashe, da sunan wurin da yaron zai ziyarta.

Wannan tsari yana yi wa manya ma aiki. Ma'aikacin da ya shekara goma a wurin da bai karɓe shi ba, ga iyali ga haya, ba a ce masa ya ajiye aiki. A duba cikin ma'aikatar tasa ko akwai sashen da ya fi kusa da halinsa, kamar akawun da ke son mutane ya nemi komawa sashen horar da ma'aikata, ko malamin da aji ke gajiyar da shi ya karɓi kula da jarrabawa da bayanan ɗalibai.

Kafin yaron ya tashi, a sa ranar dawowa bayan wata shida, a ba shi kwafin takardar, a ajiye ɗaya a fayil ɗinsa tare da ƙaramin littafin ziyararsa. Idan ya dawo, a sake zube masa katunan nan talatin a kan tebur ba tare da an nuna masa yadda ya raba su a karon farko ba, sannan a kwatanta biyun a gabansa, a tambaye shi dalilin kowane katin da ya canza wuri.